Robar Hanci Don Rage Ƙiba: Mafita Ce Ga Mai Ciwon Suga?

Shin da gaske ne idan aka zura wa mai ƙiba roba ta hanci har cikin tumbi, aka hana shi sa komai a baki na kwana goma, ƙiba za ta zube, suga kuma ya kwanta? Tambayar da gwaggona ta aiko min ke nan daga unguwar Mabera a Sakkwato, haɗe da wani guntun bidiyo da ke zagaya zaurukan WhatsApp na mata. A ciki, wata baturiya ce ke yawo a kanti da 'yar jaka a kafaɗa, siririyar roba ta fito daga jakar ta shige hancinta, an manne ta da filasta a kunci. Wani ya ɗora murya da Hausa yana cewa turawa sun gano hanyar da mai suga zai rabu da teɓa da ƙwayoyi gaba ɗaya.

"Ɗana, duba min wanga abu," in ji ta a saƙon murya. "In gaskiya na, ko tumakina in sayar in yi shi. Na gaji da haɗiyar magani safe da dare."

Shekararta huɗu da ciwon suga, nauyinta ya kusa kilo 100, gwiwoyi sun fara hana ta sallah a tsaye. Gajiya ce ta sa ta tambaya, kuma abin da ta gani ana yin sa a wasu ƙasashe. Sai dai mai bidiyon ya ɗauko rabin magana ya bar rabi, kuma rabin da ya bari shi ne wanda ya shafi ran mai suga.

Wace roba ce wannan?

Yawancinmu mun san ta, amma a gefen gadon asibiti. Ni na san ta ne lokacin da ɓarin jikin Baba ya shanye, haɗiya ta gagare shi, ko ruwa aka ba shi sai ya ƙware. Ina tsaye nas ta auna robar daga kan hancinsa zuwa kunne, daga kunne zuwa ƙahon zuci, ta yi alama, ta shafa mata mai, ta rinƙa turawa a hankali hawaye na bin kuncinsa. Da ta gama ba ta yarda an ba shi komai ba, sai da ta zuƙo ruwan ciki da sirinji ta gwada, ta tabbatar bakin robar a tumbi ya sauka ba a huhu ba. Mako uku muka yi muna tace kunu da madara, mu tayar da kansa da matashi, mu tura da babban sirinji kaɗan-kaɗan, mu bi da ruwa don kada robar ta toshe.

Ita ake sa wa bakwainin da bai iya tsotso ba, da yaron da tamowa ta ci ƙarfinsa har ya kasa shan madarar F-75 da kofi, da wanda ya daɗe a sume. Aikinta kai abinci ga wanda bakinsa ko maƙoshinsa ya gaza. Ƙa'idar da masu jinya ke bi tsohuwa ce: muddin mutum na iya tauna ya haɗiye lafiya, ta baki ake ciyar da shi. Abin da ke cikin bidiyon ya juya wannan ƙa'ida. Mutum ne bakinsa lafiya ƙalau, aka sa masa roba don a tauye abincin da ke shiga cikinsa.

Inda abin ya samo asali

Wani likitan fiɗa a Jami'ar Sapienza da ke birnin Rum na Italiya, Gianfranco Cappello, shi ya shahara da wannan tsari. Ana sa robar kwana goma a jere. Ƙaramin famfo mai batir a cikin jaka yana ɗiga ruwan furotin, wato sinadarin abinci mai gina jiki, dare da rana, babu sitaci babu suga ko ɗigo. Mutum ba ya cin komai, sai ruwa ko shayi marar suga. A cire, a huta, a sake. A 2012 ya wallafa sakamakon mutum sama da 19,000, inda ya ce a matsakaici kowa ya rage wajen kilo 10 cikin kwana 25 na sa robar.

A shekarar ce kuma jaridar New York Times ta ba da labarin amaren Amurka da ke zuwa wurin wani likita a jihar Florida, Oliver Di Pietro, yana sa musu robar da kalori 800 a rana (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) kan dala 1,500, don rigar biki ta shige su. Daga nan labarin ya bazu.

Abin yana ba ni tausayi idan na tuna namu amaren. Can tana sa roba don ta rame, nan tana haɗiyar sha-ka-fashe don ta cika kafin ranar ɗaurin aure, alhali wasu daga cikin ƙwayoyin nan, irin su dexamethasone, da kansu suke tayar da sugan jini.

Me ke zubewa a cikin kwana goma?

Jiki yana da ɗan rumbun suga a hanta da tsoka, abin da bai wuce rabin kilo ba, kuma kowane giram ɗaya na wannan ajiya yana riƙe da ruwa wajen giram uku. Da zarar tuwo da shinkafa da burodi sun daina shiga, jiki zai cinye rumbun cikin kwana ɗaya ko biyu, ruwan da ke tare da shi ya fita a fitsari. Shi ya sa sikeli ke faɗuwa da sauri a makon farko, mutum ya yi ta murna. Bayan nan ne hanta ke komawa kan kitse, tana narka shi tana fitar da wani sinadari da ake kira kiton, wanda ƙwaƙwalwa da tsoka ke amfani da shi a madadin suga. Kiton yana danne yunwa, wannan gaskiya ne. Yana kuma zuwa da warin baki, da ciwon kai, da kasala, da taurin bayan gida.

Mu yi lissafi irin na 'yan kasuwa. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da wajen kalori 7,700. A ce mace jikinta na ƙone 2,300 a rana, aka ba ta 800. Giɓin 1,500 ne. A kwana goma 15,000 ke nan, wato kitse kusan kilo biyu. Idan sikeli ya nuna ta rage biyar ko shida, ragowar ruwa ne, da abin da hanji ya fitar, da tsoka. Alƙaluman Cappello da kansu sun nuna haka: cikin kilo 10 da 'yan kai da aka rage, 5.8 ne kitse. Ruwa yana dawowa da zarar an koma ga tuwo. Tsoka kuwa asararta ta fi yi wa mai suga ciwo, domin ita ce babbar mai kwashe suga daga jini bayan an ci abinci.

A duba duk wannan bayani, babu inda roba ta yi wani aiki. Ƙarancin kalori ne ya yi komai. Ruwan furotin ɗin nan da za a zuba shi a kofi a sha, abin da zai faru a jiki ke nan.

Hujjar masu yi, da inda take da rauni

Masu goyon baya suna da maganar da ya kamata a saurara. Sun ce mai ƙiba ya sha jin "rage ci" har ya gaji, kuma duk wanda ya taɓa gwadawa ya san wuyar zama gaban akushi ka ɗauki loma uku ka janye hannu. Roba tana ɗauke wa mutum wannan kokawa. Ganin nauyi ya sauka da wuri kuma yana ƙarfafa gwiwa, sannan akwai masu buƙatar hantarsu ta rage kitse cikin gaggawa kafin a yi musu aikin rage tumbi.

Raunin shi ne, rahoton mutum 19,000 ɗin nan na masu zuwa asibiti ɗaya ne, kuma mai tsarin ne ya tattara shi. Ba a ware wani rukuni aka ba su abincin ta baki don a gwada wanne ya fi ba. Yawan mutane ba ya cike wannan gurbi. Ƙungiyar likitocin suga ta Amurka, wadda littafin ƙa'idojinta na shekara-shekara likitocinmu ke yawan dubawa, ta yarda da tsananin rage kalori na ɗan lokaci ga zaɓaɓɓun marasa lafiya a ƙarƙashin kulawar ƙwararru, amma ba ta sa robar hanci cikin hanyoyin maganin ƙiba ba.

Inda haɗarin yake ga mai ciwon suga

Nan ne nake son a tsaya a karanta da kyau, domin baturiyar cikin bidiyo da Gwaggo ba jirgi ɗaya ya ɗauko su ba.

Farko dai magani. Glibenclamide, wanda mutanenmu suka fi sani da Daonil, da ɗan uwansa glimepiride, suna matsa wa jiki ya fitar da insulin, sinadarin da ke sauko da sugan jini, ko an ci abinci ko ba a ci ba. Allurar insulin ma haka. An auna su ne daidai da tuwo da fura da mutum ya saba ci. A yanke abincin dare ɗaya a bar maganin yadda yake, sugan jini zai rufto ƙasa da 70 a na'urar gwajin yatsa: rawar jiki, gumi mai sanyi, bugun zuciya, ruɗewa, suma. In ya faru cikin barci, wani ba ya farkawa. Ga kuma abin da ya shafe mu musamman: famfon da batir yake aiki. A ɗauke wuta, batir ya mutu da tsakar dare, ko robar ta toshe, ɗan abincin da ke ɗiga ya tsaya, amma insulin da ke cikin jini bai san an ɗauke wuta ba.

Haɗari na biyu ya fi ɓoyuwa. Akwai sababbin magunguna, empagliflozin da dapagliflozin, masu fitar da suga ta fitsari. Magunguna ne masu kyau, suna kare zuciya da ƙoda. Amma idan aka haɗa su da yunwa da rashin sitaci, kiton na iya taruwa har jini ya yi tsami, kuma abin tsoron shi ne na'urar gwajin yatsa za ta iya nuna suga bai hau sosai ba. Mutum na amai, cikinsa na ciwo, yana numfashi mai zurfi da sauri, 'yan uwa su gwada su ga 150, su ce ai ba suga ba ne, a nemo maganin maleriya. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi kan wannan tun 2015. Mai ciwon suga nau'i na ɗaya kuwa, wanda jikinsa ba ya yin insulin sam, wannan tsari ba nasa ba ne ko kusa. Haka mai juna biyu, da mai shayarwa, da mai ciwon ƙoda.

Sai zafi. Wanda ya san Sakkwato a watan Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni ke haura 40 kusan kullum, ya san yadda ruwa ke tsiyayewa daga jiki ko kana zaune a inuwa. Ƙara masa fitsarin da tsarin ke jawowa, ƙara ƙwayar hawan jini mai sa fitsari da yawancin masu suga ke sha. Ƙodar da suga ya riga ya taɓa ba ta jure wannan bushewa, kuma idan ƙoda ta raunana maganin suga na metformin ma yakan zama matsala. Tare da ruwan, gishirin jini irin su fotashiyam na fita, wanda bugun zuciya ya dogara da shi. An taɓa ganin ƙarshen wannan a Amurka a shekarun 1977 da 1978, lokacin da yayin shan ruwan furotin zalla ya kama mutane: masu bincike sun bi diddigin mutum 17 da ba su da wata cuta mai kisa, zuciyarsu ta rikice suka mutu kwatsam. Haɗin zamani ya fi na wancan lokaci inganci, amma dalilin da ya sa ake gwada jini a kai a kai ke nan.

Ita kanta robar ba abin wasa ba ce. Tana iya kauce hanya ta shiga huhu ba tare da mutum ya ji wani babban sauyi ba, kuma duk abin da aka zuba a lokacin cikin huhu zai sauka. A asibitocin gwamnatin Ingila, ciyar da mutum ta robar da ta kauce yana cikin jerin kurakuran da aka ce bai halatta su faru ba ko sau ɗaya. Wanda ya daɗe da suga kuma, jijiyoyin tumbinsa kan yi sanyi, abinci ya daɗe bai sauka ba, ya yi amai ya shaƙe shi. Ga haɓo, ga ƙaiƙayin maƙoshi, ga ruwan furotin da ke wuni a jaka cikin zafinmu. Ramar gaggawa kowace iri kuma takan haifar da tsakuwa a matsarmama.

Abin da aka gwada aka tabbatar, ta baki aka yi shi

Gaskiyar da mai bidiyon ya jingina ƙaryarsa da ita ita ce: rage nauyi sosai yana iya kwantar da ciwon suga nau'i na biyu, wanda jiki ke yin insulin amma ba ya wadatarwa. Farfesa Roy Taylor na Jami'ar Newcastle da ke Ingila ya nuna cewa kitsen da ke taruwa a hanta da fankiriyas, 'yar gaɓar da ke bayan tumbi mai samar da insulin, shi ke shaƙe aikinsu, kuma idan ya narke sukan farfaɗo. Shi da Farfesa Mike Lean na Glasgow suka jagoranci babban gwajin da ake kira DiRECT, wanda sakamakonsa ya fito a mujallar Lancet a ƙarshen 2017.

Wajen mutum 300 ne, aka raba su biyu. Rabi suka ci gaba da kulawar da aka saba. Rabi aka ɗora su kan miya da kunun gwangwani da aka auna, kalori 825 zuwa 853 a rana, na wata uku zuwa biyar, suna sha da bakinsu a gidajensu. Ranar farko likita ya dakatar musu da magungunan suga da na hawan jini yana bibiyarsu. Daga baya aka rinƙa dawo musu da abinci mataki-mataki, ana koya musu yadda za su ci. Bayan shekara, kashi 46 cikin 100 sugansu ya koma ƙasa da iyakar cuta ba tare da magani ba, a ɗaya rukunin kashi 4 kacal. Cikin waɗanda suka rage kilo 15 ko fiye, kashi 86 ne. A Ƙatar, ƙasa mai zafi kamar tamu, wani gwaji makamancinsa da aka wallafa a 2020 ya samu kashi 61.

A kula da iyakar gwajin DiRECT. Waɗanda aka ɗauka ba su wuce shekara shida da cutar ba, kuma ba sa allurar insulin. A shekara ta biyu adadin ya sauka zuwa kashi 36, yana ci gaba da raguwa yayin da nauyi ke dawowa. Shi ya sa likitoci ke cewa ciwon ya lafa, ba sa cewa ya warke. Ma'aunin lafawar shi ne gwajin HbA1c, mai nuna matsakaicin suga na wata uku, ya tsaya ƙasa da kashi 6.5 cikin 100 aƙalla wata uku bayan barin magani. Kuma a cikinmu akwai masu suga da yawa da ba su da ƙiba ko kaɗan. Su wannan magana ba tasu ba ce.

Darasin da ke cikin DiRECT shi ne watannin da suka biyo bayan kunun sun fi kunun wuya. Roba ba ta da amsar rana ta goma sha ɗaya, ranar da aka zare ta aka ajiye wa mutum tuwon shinkafa malmala uku.

A Sakkwato fa?

Binciken da likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo suka yi shekarun baya ya samu ciwon suga a kusan mutum biyar cikin ɗari na manyan da ke zaune a birni, a ƙauyukan Fulani kuwa bai kai ɗaya cikin ɗari ba. Jini ɗaya, ƙasa ɗaya. Na ƙauye yana bin shanu da ƙafa, na birni yana hawa kabu-kabu daga ƙofar gida zuwa bakin titi, ya karya da shayi mai kauri da burodi, da rana fura da suga, da yamma lemon kwalba mai sanyi saboda zafi. Har yanzu kuma idan mutum ya yi teɓa cewa ake hutu ya karɓe shi, in mace ta rame a fara tambayar ko mijinta ba ya ciyar da ita.

Tsorona ba ya kan manyan asibitoci. Yana kan ɗakin bayan kemis. Robar ba ta da tsada, ana samun ta a shagunan kayan asibiti, garin furotin na masu ɗaga ƙarfe yana kasuwa, kuma mun ga yadda ƙarin ruwa da allura suka zama sana'ar wanda bai taɓa shiga ajin koyon jinya ba. Ranar da wani ya gane akwai kuɗi a nan, zai fara, babu gwajin fotashiyam, babu hoton ƙirji, babu wanda zai tambayi matar wane magani take sha. Duk wanda aka yi wa tayin haka ya tambaya: wa zai gyara min magunguna, wa zai gwada jinina, wa zan kira ƙarfe biyun dare?

Ko ba a kai kilo 15 ba, rage kashi biyar zuwa goma cikin ɗari na nauyi yana sauko da suga da hawan jini yadda za a gani a gwaji. Ga mai kilo 100, kilo biyar zuwa goma ke nan. Kayan aikin suna Tsohuwar Kasuwa: zogale, rama, yakuwa, kuɓewa, wake, ƙwai, kifi.

Ranar Asabar na je Mabera na zauna a tabarmarta. Ta haɗa shayi a gabana, cokali huɗu na suga ta zuba ban ce komai ba, sai da ta ga ina ƙirgawa da yatsa.

"Gwaggo, ki bar tumakinki," na ce. "Amma kada ki rage ci da kanki kina shan Daonil yadda kike sha. Ki tattara ledar magungunanki duka mu je wurin likitanki, ki ce masa kina son ki rage kilo goma, shi zai faɗi abin da za a rage da abin da za a bari."

Ta yi shiru tana juya cokali. "To, fura fa?"

"Rabin ludayin da kika saba, da nono, ba suga."

Ranar asibitinta muka je. Likitan ya rage mata ƙwaya ɗaya, ya ce ta rinƙa gwada yatsa da safe tana rubutawa, ta ajiye dabino uku kusa da gado saboda ko suga zai faɗi, ya tura ta wurin masaniyar abinci. Yanzu bayan sallar asuba, kafin rana ta buɗe, ita da maƙwabciyarta suna zagaya layinsu sau uku. An rubuta mata gwajin HbA1c nan da wata uku.